Maganin da Ya Kwanta Ya Ƙi Tashi

A shekarar farin nan na biyu, wanda ya biyo bayan na farko da kamar shekara goma, ina aiki a wani ɗan asibitin sha-ka-tafi da ke kan hanyar Kurawa in ka fito daga Sabon Birni. Asibiti dai suna ne. Ɗaki biyu ne da baranda, sai wani sito mai rufin kwano wanda in ka shiga da azahar za ka fito kana tuba daga zunuban da ba ka ma aikata ba. Mu biyu ne ma'aikata: ni, sabon mai ba da magani da bai daɗe da barin makaranta ba, da maigidana, babban disfensa, Bagobiri mai zane tun daga gefen baki har kunne, wanda duk yankin ake kira Likita. Bai taɓa cewa shi likita ne ba. Bai kuma taɓa cewa ba shi ba ne.

Damina ta leƙo mu ta koma. Gero ya fito ya kai gwiwa, ya tsaya yana kallon sama tare da masu shi. Gulbi ya ƙafe, mata suna tona yashi suna jiran ruwa ya tsatso, ruwan da in ka zuba a ƙwarya ba ka ganin gindinta. Daga arewa kuma Buzaye da Fulani suna ta gangarowa da ɗan abin da ya rage musu na dabbobi. Inda ake shan irin wannan ruwa ba a tambayar abin da zai biyo baya. Gudawa da atuni suka shiga yara. Kullum barandarmu cike take da mata masu goyo, yara idanu sun faɗa, in ka ja fatar cikinsu sai ta tsaya a tsaye ta ƙi komawa. A kantarmu kuwa akwai ƙwayar ciwon kai, da aidin, da shuɗin maganin miki. Da waɗannan muke yaƙi, kuma Likita yana raba su da fuskar wanda ya zaɓo su daga cikin dubu.

Sai aka ce agaji na tafe. Wata ƙasa mai tausayi ta ji labarinmu ta aiko da maganin yara. Direban da ya kawo kayan shi ya ba ni tarihin tafiyarsu muna zaune a inuwar motarsa. Sun yi watanni a bakin teku ana neman wanda zai sa hannu. Sun yi wasu watannin a wani sito a birni ana neman mota. Da aka sami mota aka kai su Isa, sai suka sake zama, domin babban mutumin da zai miƙa su ga talakawa ya yi tafiya, kuma bai dace talaka ya warke ba a ɗauki hoto ba. Duk wannan zaman a tsaye kwalaben suka yi shi cikin kwali, ba mai motsa su, rana ta gasa su, asuba ta sanyaya su.

Ranar miƙawa aka kafa rumfa, aka yayyafa ruwa a ƙasa don kada ƙura ta ɓata manyan riguna. Matan da suka wuni suna tonon irinsa suna tsaye suna kallon yadda ake girmama shi. Babban mutum ya yi jawabi, ya ce daga yau ciwon yara ya ƙare a ƙasar Gobir. Aka tafa. Ya ɗaga kwalba ɗaya sama, aka ɗauki hoto, ya shiga mota.

Gaskiya kwalbar ta cancanci hoto. Maganin da ke cikinta ruwan hoda ne mai kauri, launinsa ɗaya daga wuya har kusa da gindi, ga takarda mai sheƙi da rubutun Faransanci. Likita ya sa aka kirawo wani ɗan kasuwa mai zuwa Maraɗi ya karanta mana. Mutumin ya daɗe yana motsa baki, sannan ya ce, "Maganin ciwon ciki na, na yara. Sun ce a girgiza kahin a sha."

"Shi ke nan?" in ji Likita.

"Sauran sunan masu shi na, da garinsu."

Washegari da safe na ɗaga kwalba ɗaya ta fuskanci hasken taga, sai na ga wani farin abu a gindinta, kaurinsa kamar yatsa biyu. Na girgiza. Ruwan sama ya yi kumfa, na ƙasa ko gezau. Na sake girgizawa har kafaɗata ta amsa.

Na ce, "Likita, wanga magani ya kwanta."

Ya ce, "To tashe shi mana. Mi anka koya maku makaranta?"

Ya karɓa don ya nuna mini yadda manya ke yi. Ya gyara tsayuwa, ya naɗe hannun riga, ya kama kwalba da hannu biyu ya yi ta fama da ita har hularsa ta faɗi. Da ya duba, farin abin yana nan yadda yake. Ya miƙo mini ya ce hannuna ya riga ya ɓata wannan, in ɗauko wata. Na ɗauko wata. Na buɗe wani kwalin, na buɗe na ƙasansa. Duk uwa ɗaya uba ɗaya.

Daga nan asibitinmu ya koma wurin girgiza. Duk matar da ta zo da yaro, kafin layi ya zo kanta an ba ta kwalba tana kaɗawa, har baranda ta zama kamar gidan biki da aka raba caki aka manta da mawaƙa. Da wannan bai yi ba, Likita ya sa na kai kwali ɗaya wurin mai injin niƙa, muka ɗaure shi a jikin injin ya wuni yana karkarwa. Ba masu niƙa da yawa a shekarar, saboda haka mai injin ya ji daɗin samun baƙi. Da yamma muka kwance, kwalba biyu sun fashe, sauran suna nan lafiya lau da kayansu a gindi. Muka ɗora wani kwalin a bayan motar kasuwa mai zuwa Isa, a kan hanyar da ke zubar wa mutum da haƙori, ya je ya dawo. Har wani Buzu ya yi mana tayin raƙuminsa, ya ce babu abin da ke hawan wannan dabba ya sauka yadda ya hau. Maganin agaji ya hau ya sauka yadda ya hau.

Ƙarshe Likita ya yanke hukunci. Ya ce, "Bature ba ya yin abin banza. Da ya so shi tashi, da ya tashi. Abin da ka gani ƙasa uwar magani ta, tana sakin ƙarhinta a hankali, kamar kanwa cikin randa. A raba."

Ni kuwa ilimina a kan lamarin bai wuce abin da ɗan kasuwar Maraɗi ya karanta ba. A makaranta an koya mana awo, da cokali nawa ake ba ɗan shekara kaza, da cewa a girgiza. Ba wanda ya gaya mana abin yi in an girgiza magani ya ƙi. Muka raba.

Ba a taɓa yin maganin da ya sami karɓuwa irin wannan ba. Zaƙi gare shi, ga ƙanshi, a shekarar da yaro kan yi wata bai ga sukari ba. Yaran da ake dannewa a ɗura musu magani suna ihu, yanzu su ke buɗe baki tun kafin a cire murfi. Masu lafiya suka fara riƙe ciki suna nishi. Abu ɗaya kawai ya rage masa, wato warkarwa. Uwa takan dawo da kwalba, ruwan ya ƙare, farin abin yana manne a gindi, yaron kuma ya ƙara ramewa. Sai Likita ya ce ciwon bana mai taurin kai ne, a ƙara mata wata.

Akwai wani Bafulatani daga wajen Gatawa, dogo, mai sanyin magana, wanda shanunsa suka ƙare sai 'yan ƙalilan. Yakan zo da ɗansa a kafaɗa, ya gaishe mu da ladabi, ya karɓi kwalba ya sa a aljihun riga. Zuwansa na ƙarshe shi kaɗai ya zo. Ya ajiye mana kwalaben da ya wanke iya wankuwarsu, ya ce ko za su yi wa wani amfani, ya yi godiya, ya tafi. Ranar ko Likita bai yi ba'a ba.

A cikin wannan hali ciwon ya shigo gidana. Ɗiyata ce, ta fari, ba ta daɗe da yaye ba. Ɗan fari kuwa a wurinmu ba a nuna an damu da shi, ko sunansa ba a kamawa. Na iya tsayawa a kan ɗan kowa in taɓa goshinsa in buɗe idonsa, amma tawa sai dai in saci kallo in na zo wucewa, in tambayi matata, "Yaya yarinyar nan?" kamar 'yar maƙwabta. Labari ya kai Unguwar Lalle, surukata ta hau jaki ta iso da ƙullin kayanta, ta karɓi jinya da mulkin gida gaba ɗaya. Ba ta magana da ni kai tsaye, kunya ta hana. Bango take gaya wa, ni kuma in tsaya a zaure in ji saƙon bango.

"A gaya ma mai gidanga, mun ji an kawo maganin Turawa ana ba ɗiyan mutane. Ko nashi gida ba ya cikin mutane?"

Na kawo. Yarinya ta sha, ta lashe cokali, atuni ya ci gaba da aikinsa, har jini ya fara fita.

Ana haka wata Landiroba ta tsaya a ƙofar asibiti, wata mace ta fito da farar riga a kan zane. Babbar mai haɗa magunguna ce daga Sakkwato, tana rangadin ƙananan asibitoci. Bayarabiya ce, amma a Kaura aka haife ta, Hausa a bakinta kamar ta gada. Bagobiri da Bayarabe kuwa abokan wasa ne, ba sa haɗuwa a rabu lafiya. Likita yana ganinta ya gyara zama.

"A'a, yau bayinmu sunka tuna da mu! Mi kinka kawo ma ubangidanki, barkono?"

Ta ce, "Baba, na zo in ga ko kun gama zanen fuska kun fara aiki."

Tana shiga baranda ta ga mata jere suna kaɗa kwalabe. Ta tsaya tana kallo, ta tambaya ko biki ake yi. Na yi mata bayani, har da injin niƙa da raƙumi. Ta yi dariya har ta dafa bango, sannan dariyar ta ɗauke da ta dubi yaran da ke goye. Ta karɓi kwalba ɗaya ta kifa ta, baki a ƙasa, ta riƙe. Farin abin ya tsaya a sama kamar rufin ɗaki. Ta naɗe kwalbar a tsumma, ta sa na ɗauko dutse, ta fasa. Wani farin faifai mai tauri kamar alli ya faɗo ya gangara ƙarƙashin benci. Likita ya ɗauko ya gwada shi da farce, farce ya ji jiki.

Ta ce, "Wannan shi ne maganin. Abin da kuke ba yara ruwan da ya yi masa rakiya ne, sukari da launi, da ɗan abin da ba a rasa ba."

Likita ya fara maganar uwar magani da kanwa a randa. Ba ta yi gardama da shi ba. Ta sa na ɗebo ruwan gulbi mai laka a kofin gilas biyu, ta nemi alif, wannan farin dutsen da mata ke kaɗawa a tulu don ruwa ya kwanta. Ta kaɗa shi a kofi ɗaya ta cire, ta bar ɗayan haka nan. Muka zauna muna kallon kofi kamar masu jiran wata.

Ta ce irin wannan maganin ba ya narkewa a ruwa yadda gishiri ko sukari ke yi. Gari ne ake niƙawa ya yi laushi, a bar shi yana yawo a cikin ruwa. Duk garin da ke yawo kuwa, ko ba daɗe ko ba jima sai ya kwanta, babu malamin da ya isa ya hana shi. Abin da mai haɗa magani ke iya zaɓa kawai shi ne irin kwanciyar da zai yi.

Ta nuna kofin da ba a sa wa alif ba, wanda har yanzu yake gurɓace launi ɗaya. Ta ce a nan kowace ƙwayar gari ita kaɗai take, tana ture 'yar'uwarta, kamar mayen ƙarfe biyu in ka haɗa su ta bakin da ba sa so. Don haka suke daɗewa a sama, ruwan ya yi kyan gani. Amma in an bar su, manya za su fara sauka, ƙanana su biyo baya su cike duk wata kafa da ke tsakanin manyan, na sama su danne na ƙasa, har abin ya zama daɓe. In kuma aka haɗa da zafi da sanyi irin na sitonmu, da rana ɗan kaɗan ya narke, da sanyi ya sake ƙanƙarewa a jikin maƙwabtansa ya liƙe su, to an gama gini, sai dai guduma.

Kafin ta rufe baki ɗayan kofin ya canza. Lakar ta tattaru curi-curi kamar saɓin auduga, tana sauka muna gani, sama ya yi garau. Ta ce alif ya rage musu ƙin juna, sai suka riƙe juna sako-sako. Curi ya fi ƙwaya ɗaya nauyi, shi ya sa yake saurin sauka, amma da ruwa a tsakaninsa yake sauka, ba ya iya cushewa. Ta ɗauki kofin ta juya shi sau ɗaya, nan take komai ya tashi ya gauraye.

Likita ya ce, "Wato mummunan shi an na kirki?"

"A magani dai, Baba. Kada ka sa rai."

Bai haƙura ba. Ya ce to a sami ƙarfe a riƙa farfasa daɓen a cikin kwalba. Ta ce in an yi haka gutsattsari za a samu, ba gari ba. Wani cokalin ya fito fayau, wani ya ɗebo rabon kwana da kwanaki a tashi ɗaya, a zuba wa yaron da ruwan jikinsa ya ƙare, ƙoda ta tsaya. Ta ce a rufe kwalayen, kada a sake raba ko ɗaya.

Daga motarta ta sa aka shigo da gwangwanin garin maganin, ta ce mu haɗa namu. Ta kakkaɓe sikelinmu da gizo-gizo ya yi wa gida, da ɗan turmin tangaram da Likita ke ajiye goro a ciki. Aka tafasa ruwa aka tace. Ta auna gari, ta kwaɓa shi da ruwan sukari, ta zuba wani gishirin magani ɗan mitsitsi, ba alif ba, amma aikinsu ɗaya. Ta ƙara ɗan ƙaro mai tsabta don ruwan ya yi kauri kaɗan, kada garin ya riga ka kwanciya kafin ka zuba a cokali. Ta sa na maimaita a gabanta. Ta ce in riƙa haɗa kaɗan-kaɗan, na 'yan kwanaki, kuma in kiyaye awon gishirin nan, domin in ya yi yawa abin juyewa yake, ƙwayoyin su koma ture juna. Ta ƙara da cewa wannan na masu zubar da jini da zazzaɓi ne, amma kowane yaro mai gudawa a dage da ba shi tafasasshen ruwa da ɗan gishiri da sukari, shi ne ke riƙe rai.

Kafin la'asar maganinmu ya nuna halinsa. Fari-fari ne dusu-dusu, rabin kwalba gari, rabi ruwa garau, kamar kunun da ya kwana. Mata suka leƙa suka ja da baya. Wata ta ce ya tsinke. Wata Bafulatana ta ce nonon da ya yi haka ko maraƙi ba a ba. Wata tsohuwa ta ce ta gane, na Turawan an ajiye wa ɗiyan manya, an dama wa talaka alli. Nan fa Likita ya yi abin da za a yaba masa. Ya tono wata tsohuwar kwalbar jan launi na magani daga bayan kanta, ya tambayi baƙuwa ko zai ɓata haɗin. Ta duba ta ce ba zai ɓata ba. Aka ɗiga. Ya fita baranda ya ɗaga kwalba, ya juya ta sau ɗaya a gaban kowa, ta gauraye ta zama ruwan hoda.

"Kun gani? Wancan sai da injin niƙa, wanga da hannu guda. Wancan barci shikai, wanga hutawa shikai. Ni da baiwata munka haɗa shi."

Baƙuwar tana shiga mota ta ce masa Allah ya ƙara wa bawa basira.

A gidana ne yaƙin ya rage. Na kai kwalba na ba matata, kafin a jima maganin ya kwanta a kan idon surukata. Saƙon bango ya fito da zafinsa. A gaya wa mai gidan nan, in ya gaji da yarinya ya faɗa, akwai masu so a Unguwar Lalle, ba sai an ba ta ruwan wankin turmi ba. Ni kunyar suruka ta tsare ni a zaure. Matata kuma yarinyar ita ce ɗiyarta ta fari, kunya ta ɗaure ta ita ma, ga tsoron uwa. Na koma asibiti na gaya wa Likita. Ya ɗauki sandarsa ya ce mu tafi. Shi sa'anta ne, yana iya shiga har tsakar gida.

Bayan gaisuwa ya ga ƙwaryar fura a gefenta, ɗan abin da ake damawa da ruwa-ruwa a shekarar, gari ya kwanta, ruwa ya hau sama. Ya ce, "Hajiya, wagga hura ta tsinke, bari in zubar maki."

Ta janye ƙwaryar ta ce, "Kai dai ba ka da hankali tun kana yaro. Ba motsawa akai ba?"

"To shi ma motsawa akai."

"Hura ni nid dama ta da hannuna, na san abin da ac ciki. Wancan kuwa ku kunka dama shi, kai da wanga yaro, ga na Turawa an aje."

Suka daɗe suna ja. Ƙarshe aka yi sulhu irin na manya, wanda ba a cewa wani ya faɗi. Matata za ta riƙa ba da namu a kan lokaci, tare da ruwan gishiri da sukari, ita kuma kaka za ta riƙa ɗiga wa yarinya na Turawa a harshe daga kwalbar da ta ɓoye a ƙullinta, don kada a ce ba a yi magani ba. Likita ya ce ɗigo ɗaya ba ya kisa, tunda maganin da ke ciki ya yi rantsuwa ba zai fito ba.

Cikin 'yan kwanaki jinin ya tsaya. Wata safiya ina zaure na ji kuka mai ƙarfi, irin wanda na daɗe ban ji ba, yarinya tana rigimar a ba ta tuwo. Na tashi na zaga bayan gida na tsaya ina duba katangar da babu abin da ya same ta, har idona ya bushe. Surukata kuwa ta zagaya maƙwabta gida-gida tana ba da labarin yadda maganin Turawa ya tashi jikarta, duk da ruwan allin da aka yi ta ɗura mata. Da ta koma Unguwar Lalle can ma haka ta faɗa, kuma har ta rasu ba wanda ya gyara mata.

A asibiti yara da yawa suka miƙe. Ba duka ba, domin magani ba ya maye gurbin hatsi, kuma ruwan gulbi yana nan yadda yake. Amma baranda ta rage cika, sunan Likita ya ƙara tafiya har ƙauyukan kan iyaka. Da suna ya yi yawa, sai ya ga bai kamata babban likita ya tsaya kan awon da baiwa ta bari ba. Wata rana na tafi Sabon Birni karɓo kaya, na dawo na tarar ya haɗa babbar kwalba shi kaɗai. Ya ce tunda ɗan gishirin nan kaɗan ya yi wannan aiki, ya zuba masa da hannun Bagobiri, ba da rowar Yarbawa ba. Haɗin ya fito kyakkyawa, launi ɗaya daga sama har ƙasa, bai tsinke ba ko kaɗan. Ya ajiye shi a kan tebur inda kowa zai gani. Na ce ko mu dakata mu ga kwanansa kafin a raba, ya ce dama niyyarsa ke nan, yana so ya nuna. Bayan 'yan kwanaki ya nuna. Wani siririn farin daɓe ya kwanta a gindi. Na tarar da Likita a sito yana girgiza kwalbar a ɓoye, gumi har gemu.

Ya ce, "Ruwan gulbinga ya canza. Ka riƙa lura da abin da kaka ɗebowa."

Na ce to. Daga ranar ya ce awo aikin yara ne, idon babba ba na ƙananan layukan sikeli ba ne, ya bar mini. Shi ya riƙe ɗiga launi da jawabin baranda.

Kwalayen agaji kuwa ba mu da ikon zubarwa, kayan gwamnati ne, sai an ba da izini daga sama. Muka nemi izini, aka ce ana dubawa. Damina ta gaba ta zo da ɗan ruwa, mutane suka watse gonaki da irin da suka samu, sito ya fara yoyo, kwalayen suka jiƙe suka saki jiki, kwalaben suka tsaya tsirara a jere. A ƙarshen wannan damina aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Isa. Ranar da zan tafi ina zagayawa da wanda ya gaje ni ina nuna masa kaya, muka shiga sito, ya ga kwalabe reras har bango. Ya ɗauki ɗaya ya ɗaga ta ga haske, ya fara girgizawa.

Likita ya leƙo daga ƙofa ya ce, "Aje, yaro. Agaji na. Ba a taɓawa."